Warin Fetur a Motar Baba

Litinin. Aikin farko: sauke gilasan Dattijuwa ta sha iska kafin ƙarfe bakwai.

Kawu,

Ka yi haƙuri da layin da ke sama. A littafina na kullum na fara rubutu, sannan na tuna wasiƙa zan yi, sai na yage takardar. Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwar ta yi sauƙi, kunnen kuma bai ƙara nauyi ba. Da waya na yi niyyar kira, amma ka tuna wancan karon: ina tambayarka lafiya, kana ba ni labarin giyar wata babbar mota. Direban da ke kawo mana siminti sito ya ce yana bi ta ƙofar garejinka duk sati biyu, shi zai kawo maka wannan.

Mu nan lafiya. Ƙanwarka Inna tana samun sauƙi. Hannun daman ya fara riƙe cokali, ƙafar ce har yanzu take ja. Likita ya ce muddin ba a fasa kai ta motsa gaɓoɓi Talata da Alhamis ba, akwai ran za ta taka da kanta. Ni nake kai ta, kuma ka san halinta: tun rasuwar Baba ba ta shiga wata mota sai tasa. Ta ce shekara arba'in tana zama a kujerar gaban Dattijuwa, ba yanzu za ta koyi zama a wata ba.

To, motar ta fara warin fetur a ciki. Ba ɗan wari ba. Sau uku ke nan Inna tana amai a hanya, ranar Alhamis kuwa mun isa asibiti kanta na juyawa har aka fasa yi mata komai.

Na bi abin daki-daki. Na canza robar marfin tanki. Na bi tiyon mai da farin tsumma tun daga tanki zuwa famfo zuwa kafireta, tsumman ya fito fes. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kwana uku, ko ɗigo babu. Abin da na lura na rubuta: warin ya fi ƙarfi in na cika tanki, ya fi da rana tsaka, ya fi in na sha kwanar shataletale, kuma ya fi a kujerar baya, ba wajen inji ba. But ɗin kuwa tsaf yake, ni da kaina nake kula da shi. Babu wani tiyo ko waya da ke yawo a ciki, daga safaya sai jek.

Da farko na ɗora wa Maman yara. Na ce jarkar man janareta take sakawa a but. Ta ce sau ɗaya ta taɓa yi, shi ma bara. Ban yarda ba, na ce mata hancina ba ya ƙarya. Tun daga ranar daga gaisuwa sai gaisuwa.

Sannan na tuna ka taɓa sauke tankin nan ka yi masa walda, shekarar da na gama firamare. Ban ce aikin bai yi ba, Kawu, amma ƙarfe yana gajiya. Ko facin ne ya fara buɗewa ta sama, inda ba zai ɗiga ba sai dai ya yi wari? Na faɗi haka a gaban Yaya Babba da mijinta ranar Asabar. Wataƙila bai kamata ba. Yaya ta ce ita ba ruwanta da wanda ya yi walda, motar nan za ta kashe mata uwa. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa. In warin bai tafi ba za a sayar, Inna ta so ko ta ƙi.

Ina jiran shawararka.

Ɗanka,
Rubutau

*

Rubutau,

Kada ka sake tayar da motar nan. Cire kan batir. Ka bar but a buɗe. Kada ka taɓa komai sai na rubuto.

Kawunka

*

Laraba.

Kawu,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya da duk mutanen gida. Yau sati uku da kwana biyu da direba ya miƙo mini takardarka. Ya ƙara zuwa sau ɗaya, na tare shi tun kafin ya kashe inji, ya ce garejinka a rufe ya same shi.

Na karanta layukan nan naka ban san sau nawa ba. Babu gaisuwa, ba ka tambayi Inna ba, kai da ko takardar sayen fulogi sai ka sa mata barkwanci. Na gane. Mutumin da ya shekara hamsin da sifana a hannu, ɗan ƙanwarsa mai ƙirgan buhunan siminti ya tashi ya ce waldarsa ta gaji. «Kada ka taɓa komai.» Ka yi gaskiya, ban isa ba. Sai dai ina so ka sani ba da raini na faɗa ba. Na duba littafina na ranar, abin da na rubuta shi ne «wataƙila walda». Da baki ne na manta da wataƙilar.

Na yi yadda ka ce. Kan batir yana cire, but a buɗe, na jingina masa katako. Maƙwabcinmu tela kullum sai ya leƙo ta katanga ya tambaye ni ko Dattijuwa hamma take yi.

Amma ga inda abin ya kai. Na samo tasi ranar Talatar farko. Muka tallafo Inna har bakin ƙofa, ta kalli tasin, ta kalli Dattijuwa, ta ce a mayar da ita ɗaki. Yaya ta turo motar mijinta mai sanyi, nan ma haka. Zuwa bakwai ke nan ta rasa. Jiya na ga cokalin ya suɓuce mata sau biyu, ta yi kamar ba ta gani ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Yaya ta kawo wani dillali ranar Lahadi. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da makulli, ya ce masu tara tsofaffin motoci za su so ta, amma da warin nan sai dai a sayar wa 'yan yanka. Inna tana jinsa ta taga. Ranar ba ta ci abinci ba.

Saura kwana goma sha tara. In fushi kake yi, Kawu, ka yi shi da ni, na cancanta. Amma ka gaya mini inda zan duba.

Ɗanka,
Rubutau

*

Rubutau, sarkin ƙirga,

Gaisuwa gare ka, da Innarka, da maiɗakinka. Ga gaisuwar da ka ce na hana ka, na biya har da ta wancan karon.

Wane fushi? Ranar da wasiƙarka ta zo, ƙafata ɗaya tana cikin motar da za ta kai ni a cire mini yanar ido. Direbanka yana ta hon. A kan bonet na rubuta abin da na rubuta. Bayan aikin suka hana ni karatu da rubutu da sunkuyo sati uku. Yanzu ina gani har abin da ban so, na gano ashe garejina datti ne da shi.

Na ce ka cire batir ne don tururin fetur yana taruwa a but ɗinka, kuma wayoyin fitilun baya nan suka bi. Wayar da ta shekara arba'in, ka taka birki ta yi tartsatsi, ai ba sai na ƙarasa ba. Da ƙanwata a ciki.

Waldata kuwa ka bar ta ta huta. A ƙasan tanki take, kusa da magudana. Da ta buɗe da kwalinka ya jiƙe.

Yanzu saurara. Tanki yana numfashi kamar ni da kai. Inji ya sha mai, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Rana ta yi zafi, mai ya kumbura, dole tururi ya fita. Motocin yanzu suna da gwangwanin gawayi da ke shanye shi. Dattijuwa ba ta da shi, ita siririn tiyo gare ta. Yana fitowa daga wuyan tanki, cikin but ta hannun dama, bayan kwalin da ya rufe bango. Daga nan ya hau sama har ƙarƙashin gilashin baya, ya fi bakin tanki tsayi, ya yi gammo ɗaya, sannan ya gangaro ya fita ta wani rami a ƙasan but, bayan taya. Hawan da gammon su ne ke hana mai biyo shi in an cika tanki ko an sha kwana. Ramin shi ke kai warin waje.

Kai kuma ka rubuto mini da alfahari cewa babu wani tiyo a but ɗinka, daga safaya sai jek. Nan na tsaya na sake karantawa.

Cire kwalin ka duba. In ka ga tiyon ya tsage, sauƙi ne. In ba ka gan shi ba, to wani ya cire. Kai da ba ka shan ruwa sai ka rubuta, ba za ka rasa sanin ko wane ne ba.

Kawunka

*

Alhamis.

Kawu,

Barka da arziki, Allah ya ƙara wa idon haske. Na ji kunyar abin da na rubuta maka game da fushi. Amma wannan ƙaramar kunya ce a kan wadda ke tafe.

Wasiƙarka ta zo ranar Juma'a. Yau kwana shida. Direba ya wuce ranar Litinin, ya tambaye ni ko akwai saƙo, na ce babu. Akwai. Na rubuta sau uku ina yagewa. A ta farkon na ce tiyon ya ruɓe ne ya faɗi. A ta biyun na ce wataƙila mai fenti ne. Ban iya sa hannu a kansu ba.

Na cire kwalin. Ga guntun tiyo nan a wuyan tanki, bai fi taƙi ɗaya ba, bakinsa a buɗe yana kallon bayan kujerar baya. Yankan wuƙa ne, a miƙe, mai kyau. Kwalin duk ya yi baƙi ta ciki. Ramin ƙasa kuma an toshe shi da roba, an shafe da gam.

Tun kafin in tashi daga durƙuson na sani. Duk da haka na shiga ɗaki na sauko da littattafan, ina fatan ko ƙwaƙwalwata ce ke yi mini ƙarya. Na samu a na shekara biyu da suka wuce, wata biyu bayan rasuwar Baba. Ga shi yadda yake:

«Asabar. Aikin farko: share but. Na cire wani tsohon tiyo mai lanƙwasa da aka ɗaure da waya, ba ya zuwa ko'ina. Aikin ganganci, da alama na Kawu ne. Na toshe ramin ƙasa saboda ƙura. But ya yi kyau.»

Ka ga har a can sai da na sa sunanka.

Na zauna na yi lissafin abin da ya sa ban ji warin ba tun lokacin. A da ba na fita da ita sai jefi-jefi, mai kwata, gilasai a sauke. Da Inna ta kwanta na fara cika tanki don kada mai ya yanke mana a hanya, ita kuma ba ta son iska a gefen fuskar da ya shanye, sai in ɗage gilasai. Wato ni na buɗe mata tururin, ni na cika shi, ni na rufe ta a ciki. Sannan na tsaya a tsakar gida na ce wa matata hancina ba ya ƙarya.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Jiya Maman yara ta kawo mini ruwa ina gaban motar, ta ga guntun tiyon a hannuna, ta kalle ni, ta ajiye kofin ta koma. Ban san abin da ta gane ba. Ban iya ɗaga kai ba.

Abu ɗaya: ka san ba na yar da kaya. Na sami tsohon tiyon a ɗakin ajiya, cikin leda, da takarda a jiki da rubutuna, «tiyon banza». Ya bushe kamar ƙaho, amma har yanzu yana riƙe da gammonsa, wayar ma tana jiki. Na ba direba ya kawo maka tare da wannan, ka gani ko shi ne.

Saura kwana huɗu a wa'adin Yaya. Na roƙe ta sati biyu, ta ce ɗaya da rabi. Ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Ka gaya mini yadda zan mayar. Ba zan ƙara ko rage komai ba.

Ɗanka,
Rubutau

*

Rubutau,

Gaisuwa. Ido lafiya, gwiwa tana nan da halinta. Na biya wani mai ɗaukar kaya ya kawo maka wannan, ba zan jira simintinku ba.

Tiyon shi ne. Amma ba aikina ba ne. Dubi wayar, na mayar maka da ita. Murɗin hagu ne. Ni da dama nake murɗawa. Ubanka ne bahago.

Yadda kamfani ya yi motar, guntun tiyo ne kawai ya leƙa ƙarƙashin madigadi, kuma tun tana sabuwa takan ɗan yi wari. Ba wanda ya damu sai da Innarka ta sami cikinka. Ko ƙofar motar aka buɗe sai ta yi amai. Ubanka ya kawo mini ita gareji, kwana uku yana cikin but ɗin nan a naɗe kamar tabarma, yana gwada hanya yana warwarewa. Ni ramin kawai na huda. Da ya gama na ce masa abin ya yi muni. Ya ce ba don ido ya yi ba, don hanci ya yi.

Ga yadda za ka yi. Sayi tiyon mai, wanda aka rubuta a jikinsa, ba na ruwa ba, na ruwa narkewa yake. Ɗora tsohon a kan sabon ka auna, ka ƙara kaɗan. Kilif a wuyan tanki, ba waya ba, yanzu akwai su. Hau da shi sama iyakar inda zai kai, gammo ɗaya, sannan gangara. Kada ya yi ciki a ko'ina, in ya yi mai zai kwanta a wurin ya toshe shi. Kada ya karye a lanƙwasa. A ramin ka sa zoben roba don ƙarfe kada ya ci shi, ka shafe gefen. Bakinsa ya leƙa waje kamar yatsa uku, yana kallon ƙasa, nesa da salansa. In ka gama ka hura ta ƙasa da marfin tanki a buɗe, ka ji iska ta wuce. Kuma ka daina cika tanki har wuya, famfo ya tsaya ka tsaya.

Kwalin bangon but ɗin nan ka yar. Na san zai yi maka wuya. Ka yar.

Maganar kunya: ni na yafe tun kafin ka nema, tsohon makaniki ya saba a zagi aikinsa. Amma a gaban Yayarka da mijinta ka ajiye sunana, can za ka je ka ɗauko shi. Maiɗakinka kuma ba wasiƙa za ka rubuta mata ba. Na san ka.

Kawunka

*

Talata.

Kawu,

Ina gaishe ka. Mu nan lafiya, kuma yau da gaske nake faɗa.

Na gama ranar Lahadi da la'asar. Sau biyu ina warwarewa, don karon farko ya yi ciki kusa da maƙalin murfin but. A sama, inda gammon yake, na sami ƙaramin ƙarfen da Baba ya lanƙwasa ya rataye shi, yana nan bayan kwali shekara biyu yana riƙe da iska. Kilif na sa ko'ina kamar yadda ka ce, amma a nan wayarsa na mayar. Na gwada murɗin hagu, bai yi kyau ba, na bar shi haka. Na hura, iska ta wuce. Jiya na sa mai, na ajiye ta a rana tun hantsi har azahar da gilasai a rufe, sannan na shiga kujerar baya na zauna. Warin tsohuwar kujera kawai.

Yau na kai Inna. A hanya na gaya mata komai, ina kallon titi, don ba zan iya a ɗaki ba. Na faɗi tiyon, na faɗi littafin, na faɗi abin da na ce a kanka. Muka wuce shataletale. Ta ja numfashi ta hanci, ta sake ja. Sannan na ji tana dariya da rabin bakin nan nata.

Ta ce, «Sau biyu ke nan kana sa ni amai a motar nan.»

Sai da na tsaya a gefen titi na ɗan jima.

Mai motsa mata gaɓoɓi ta ce hannun ya koma baya, amma ba inda ba za a kamo ba. Zuwa goma sha biyu ta rasa. Na rubuta adadin a littafi, ba don in manta ba.

Direba yana jira, bari in tsaya nan. Na gobe, yadda na rubuta su:

1. Duba bakin tiyon a ƙasa, ko ya goga da taya.
2. Yar da kwalin. Har yanzu yana bayan ƙofa.
3. Gaya wa dillali kada ya dawo.
4. Gidan Yaya bayan an tashi aiki, lokacin da mijinta yake nan. Ɗauko sunan Kawu.
5. Maman yara. Da baki. Wannan tun Lahadi nake mayar da shi gobe, don haka na ja kibiya na kai shi sama, shi ne aikin farko.

Ɗanka,
Rubutau